Shari'ar Gonar Yaya Sa'idu

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba," duk na gan ku, har da wadda ta ce ta ƙona miya saboda ni. Ki yi haƙuri ki ɗora wata. Zaituna ce da bakinta, mu saurare ta.

*

Ranar da motar kurata za ta tashi daga Haɗeja, ranar ce alƙali ya sa mana zaman ƙarshe. Mai ɗaukar soja ya riga ya faɗa a gaban jama'a cewa duk wanda ke da shari'a a wuyansa Bature ba ya buƙatarsa. Yaya Sa'idu kuwa shari'a ce a wuyansa tun farkon damina, tun da Baffa Haruna, ƙanin mahaifinmu, ya kai shi ƙara a kan gonar shinkafarmu ta bakin kogi. Wai aro aka ba marigayi Babanmu, ba gado ba ce.

In alƙali ya sake ɗage zaman, mota za ta kai sauran kurata tashar Malam Madori bayan la'asar, jirgi ya kwashe su zuwa horo a Zariya, a soke sunan Yaya. Gari kuma ya ce ya ji yaƙin Turawa ya yi zafi ne ya ɓuya a bayan shari'a.

Duk da haka bai fasa fita horonsa ba. Ana idar da sallar asuba muka gangara bakin kogi wurin Samanja Ari, tsohon soja, Babarbare, wanda ya yi yaƙin Kamaru tun ba a haife mu ba. Shi ya ɗauki nauyin shirya Yaya, wai kada a kai ɗan Haɗeja filin fareti a yi masa dariya. Ya ɗaura masa ciyawar jema a ƙafar hagu, don ya gano in aka ce hagu sai Yaya ya tsaya yin shawara.

"Mai ciyawa, marar ciyawa. Mai ciyawa, marar ciyawa. Kai Bafillace, so nake ƙasa ta ji ka. Ba bayan saniya kake bi ba."

Yaya ya ce shi dai ya ji labari a Kamaru babu wanda ya kai Samanja iya gudu, shi ya sa ya zo koyo wurin gwani.

Samanja ya bi shi da sanda yana ɗingishi, ni kuwa dariya har na zubar da rabin ruwan gorar da na riƙo. Hukuncin wannan magana shi ne buhun yashi jiƙaƙƙe a kafaɗa, da gudu cikin taɓo daga mashaya zuwa gindin giginya a dawo. Haka ake yi kullum tun saukar ruwan farko. Yaya da a da in ya kori akuya sai ya zauna ya huta, yanzu yana iya yin gudu har rana ta ɗaga bai nemi ruwa ba.

Matan da ke wanki suka fara abin da suka saba.

"Ga malamar soja nan. Ke ma wandon za a ba ki?"

Na ce in an ba ni zan sa, kuma zai fi yi min kyau a kan mazajensu.

Na saba da bakinsu. Tun ranar da aka sa ni a jirgi zuwa makarantar 'yan mata a Kano suke cewa na lalace. Na dawo da karatu da lissafi da ɗinki, ban lalace ba, abin ya ƙara ba su haushi. Duk zaman shari'ar nan ni ke tsugunawa a ƙofar ɗakin alƙali, rana ta doke ni, ruwa ya doke ni. Ni ke shiga gonar da ake rigima a kanta in cire ciyawa, ruwa har gwiwa, matsattsaku na manne min a sangali. Ko sau ɗaya ban bari sun ga hawayena ba.

Da Yaya ya sauke buhun, ya zauna kusa da ni yana haki. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke ta cika fadama. Burinsa bai wuce a koya masa tuƙin babbar mota ba, ya dawo ya zama direban farko a unguwarmu.

"Zaituna, ba gonar ce ke ci min rai ba," in ji shi. "A kafaɗar Baffa na girma. Yau shi ke jana gaban alƙali. Inna kuwa ko a jikinta."

Mu Fulani ne, ko da yake tun zamanin kakanmu aka bar daji aka zauna gari. Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mai tsananin kunya. Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dubi fuskarsa ba. In za ta ba shi tuwo sai ta ce min, kai wa wancan. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Ranar da ya shigo da murna ya ce ya ba da sunansa a soja, tankaɗe take yi, kuma ba ta dakata ba.

*

Na koma gida na tarar da ita tana dama fura a ƙwaryarta ta musamman, wadda ba a taɓawa sai baƙi. Ta zuba nono mai kauri, ta rufe da sabon faifai, ta nufi dangar da ke tsakaninmu da gidan Baffa za ta miƙa wa matarsa Fanna.

Ba ranar na fara gani ba. Duk ranar da za a zauna shari'a sai wannan ƙwarya ta ƙetare danga. Da ina cewa zumunci ne irin na manya. Amma ranar nan abin ya tsaya min a rai. Mutumin da zai hana ɗanki tafiya, shi za ki dama wa fura har da man shanu?

Na ce ta kawo in kai masa da kaina. Ta ɗan yi jim, ta sakar min.

Baffa na zaune a zaure ya sha babbar rigarsa, yana ta motsa baki shi kaɗai kamar mai tilawa. Na gaishe shi a daƙile, na dire ƙwaryar.

"'Yar boko, yau ke ce da aike? To Allah ya sa ba ki zuba min lissafi a ciki ba."

Na tambaye shi yau kuma me ya sami shaidarsa. Domin tun farkon shari'ar Baffa ke cewa yana da shaida, wani Yakubu masunci a Kirikasamma, amma Yakubun bai taɓa zuwa ba. Zaman farko zazzaɓi ya kama shi. Na gaba ya tafi ta'aziyya Birniwa. Na bayansa kwalekwalensa ya huje.

Baffa ya kurɓi fura ya lumshe ido.

"Yau kunama ce. A tafin ƙafa."

"Baffa, don girman Allah, akwai Yakubun nan kuwa?"

"Akwai shi mana. Mutumin kirki. Allah ya ji ƙansa."

Na yi tsaye ina kallonsa. Shi kuwa sai dariya ta ƙwace masa har fura ta sarƙe shi, ya yi ta tari yana share ido da hannun riga.

Raina ya ɓaci. Na manta da ƙanin uba nake magana. Na ce masa ya ji tsoron Allah, maraya yake zalunta, kuma yau ko ɗan doka zai ɗaure ni sai na gaya wa alƙali shaidarsa tana kabari.

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye ludayi.

"Ke Zaituna, dube ni da kyau. Ni na kai yaron nan kaciya. Ni na koya masa iyo a kogin nan. Ranar da kakanku ya ba shi gonar ina tsaye, ni na riƙe ragon suna. Ni zan ci gonar Sa'idu? In kai ta ina?"

"To me ya sa?"

Ya ƙwanƙwasa gefen ƙwaryar da ɗan yatsa.

"Tambayi mai damun nan. Ita ta zo min har zauren nan da goronta, ta durƙusa, matar yayana guda, ta ce Haruna ka riƙe min wancan. Ban da ranar da aka kai ki Kano, ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, ko mutuwar mijinta a ɗaki ta yi kukanta. Da ke ce ni, me za ki ce mata?"

Ya ce ya gaji. Yaron ya daina gaishe shi, a masallaci ana nuna shi da baki, ƙaryar cututtuka kuma ta kusa ƙare masa. Amma ya yi mata alkawari, ba zai janye ba sai in ita ta sake shi.

*

Na iske Inna a gindin rumbu tana kaɗi. Na zauna a gabanta, abin da ban saba ba, na dafe mazarin da hannuna.

"Inna, Baffa ya gaya min."

Ba ta ɗago ba. Ta ce in sakar mata mazari zan tsinka mata zare.

Na ce ba zan saka ba.

Kaji na ta tsattsaga a gefenmu. Can ta fara magana, ba da ni ba, kamar da abawar da ke hannunta. Ta ce tana 'yar yarinya aka zo ɗaukar 'yan dako zuwa Kamaru, aka tafi da yayanta Adamu, wanda ke goya ta zuwa rafi. Ya ce mata zai kawo mata tsakiya. Ko hularsa ba a dawo da ita ba. Uwarsu ta mutu tana ajiye masa tuwo.

"To ki gaya masa haka mana, Inna. Ki ce masa kada ya tafi."

"Da wane bakin?"

"Da wanda kika je wa Baffa da shi."

"Haruna ba ni na haife shi ba."

Na ji tausayinta har cikin ƙashina, amma ban sassauta ba. Na tuna mata ranar da za a kai ni Kano, yadda ta rungume ni a ƙofar gida tana kuka duk unguwa na kallo, ta cusa min dakuwa a zani, ta bi mu har bayan ganuwa. Na ce da wannan kukan na rayu a makaranta. Duk ranar da aka zage ni ko yunwa ta hana ni sukuni, sai in tuna akwai wadda ta yi kuka saboda ni.

"Shi kuwa me zai tuna? In ya zauna, zai zauna a garin da ake ce masa matsoraci, ya rasa Baffa, ya rasa ki. Yau da bakinsa ya ce min Baffa ya ci amanarsa, Inna kuwa ko a jikinta."

Hannunta ya tsaya.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Ta ja mazarinta a hankali, ta naɗe zaren, ta sa a kwando. Na jira ta ƙara wani abu. Cewa kawai ta yi in tashi in tafi, zan makara.

Na tafi ina ganin na yi asarar bakina.

*

Ɗakin shari'a ya cika har waje, don duk gari ya san yau ce ranar. Na tsuguna a wurina na kullum, bakin ƙofa ɓangaren mata. Yaya na durƙushe a gaba, jemar nan har yanzu tana ɗaure a ƙafarsa, ya manta bai cire ba.

Alƙali, dattijo ne mai sanyin magana, ya dubi Baffa kamar mai duban hadarin da ya ƙi zubar da ruwa.

"Haruna, ina shaidarka?"

"Allah ya gafarta Malam, kunama ce."

Wani ya yi dariya a baya, ɗan doka ya daka masa tsawa. Alƙali ya ce wannan Yakubu, in dai ba a yi masa addu'a ba, ba zai ga kaka ba. Ya ce shari'a ba ta yanke wa mai ƙara hanzari matuƙar ya ce yana da shaida a raye, don haka ba shi da yadda zai yi sai ya ƙara masa lokaci.

Na ga kafaɗun Yaya sun sauka.

Na miƙe. Na buɗe baki zan faɗi inda Yakubu yake, ɗan doka ya taso min da kulki yana cewa 'yar boko ta zauna. Ban zauna ba. Amma ban kai ga magana ba, sai na ji an dafa ni ta baya, an matsar da ni gefe kamar tulu.

Inna ce. Ta sha baƙin zanenta na rini da ba ta ɗaurawa sai Sallah, ta lulluɓa har goshi. Matar da ko kasuwa ba ta zuwa. Ta wuce ta gaban ɗan doka kamar ba ta gan shi ba, ta durƙusa nesa da Yaya, ta juya masa ƙeya.

Alƙali ya tambayi ko wace ce. Ta ce matar marigayi mai gonar ce, kuma tana da magana.

"Mene ne tsakaninki da wanda ake ƙara?"

Babu wanda bai san amsar ba, kuma babu wanda bai san ba za ta iya faɗa ba. Wata tsohuwa a gefena ta rufe fuska da mayafi, ita ke jin kunyar a madadinta.

"Ni na haife shi," in ji Inna.

Yaya ya ɗago kai.

Ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa amma ba ta rawa. Ta ce ranar suna, bayan an yanka rago, surukinta ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce tunda ba shi da sauran saniyar da zai ba jikansa na fari kamar yadda iyaye ke yi, ya ba shi gonar bakin kogi, daga gindin giginya zuwa layin jema. Ba aro ba ce, ba ta Haruna ba ce, ba ma ta mijinta ba ce. Ta wancan ce.

Alƙali ya gyara zama. Ina jin ya gane komai tun shigowarta, amma ya ce:

"Baiwar Allah, ɗakin nan cike yake da mutane. Shari'a ba ta san wancan ba. Wa aka ba gonar?"

Na ga yatsunta sun damƙe bakin zane.

"Sa'idu," in ji ta. "Sa'idu aka ba. Ɗana."

Yaya ya kifa fuskarsa a tafin hannu. Ƙato guda mai ɗaukar buhun yashi, kafaɗunsa na ta girgiza. Ni da na yi rantsuwa garin nan ba zai ga hawayena ba, sai ga su har haɓa, kuma ban share ba.

Alƙali ya bari ɗakin ya lafa, sannan ya ce ya ji, amma a shari'a ba a karɓar shaidar uwa a kan abin da zai amfani ɗanta. Maganarta ba za ta kashe ƙarar ba.

Ashe duk wannan a banza?

Sai Inna ta ɗan juya kai wajen Baffa.

"Haruna, na sake ka."

Baffa ya yi wata ajiyar zuciya da sai da na baya suka ji.

"Alhamdu lillahi. Allah ya gafarta Malam, na janye. Gona ta Sa'idu ce, ni na riƙe ragon. Ba ni da haƙƙin ko zangarniya ɗaya a cikinta."

"Yakubu fa?"

"Allah ya ji ƙansa, Malam. Ya riga mu gidan gaskiya tun kafin a kawo jirgin ƙasa."

Wannan karon ko ɗan doka bai iya riƙe dariyarsa ba. Alƙali kansa sai da ya ja rawani ya rufe baki. Da ya natsu ya yi wa Baffa faɗa sosai, ya ce ɗakin shari'a ba wurin wasa ba ne, kuma ba don ya fahimci abin da ya kawo ƙarar ba da Baffa ya kwana a gidan yari. Ya yanke masa cewa da zarar ruwa ya janye, shi zai sake dasa jemar iyakar gonar da hannunsa, a gaban mai unguwa, don kada wani ya ƙara tayar da maganar. Baffa ya ce ya karɓa, har da godiya.

Daga nan alƙali ya juya ga Yaya. Ya ce mai tafiya irin wannan ba ya barin dukiya ba mai ita. Wa ya wakilta a kan gonar, ya noma, ya girbe, ya ciyar da gida, har Allah ya dawo da shi?

Kowa ya dubi Baffa, don shi ne namijin gidan.

Yaya ya share fuska ya ce, "Ƙanwata Zaituna."

Ɗaki ya ɗauki guna-guni. Mace. Budurwa. 'Yar boko. Muhuti, malamin da ke taimaka wa alƙali, ya sunkuya ya ce anya, Malam? Alƙali ya ce bai san inda shari'a ta hana mace mai hankali riƙon wakilci a kan dukiya ba, in wani ya sani ya faɗa. Babu wanda ya faɗa.

Ya kira ni gaba, ya tambaye ni ko zan iya.

Na durƙusa, na ɗan ɗage bakin zanena na nuna tabon matsattsaku a ƙafata.

"Allah ya gafarta Malam, tun da aka fara shari'ar nan maza ke ta magana a kan gonar. Ni ke cikinta."

Alƙali ya yi murmushi ya ce a shaida. Baffa daga gefe ya ce shi dai yana neman aikin ƙodago a wurin sabuwar mai gona, in za a riƙa biyansa da fura.

*

Muna fitowa Fanna ta rangaɗa guɗa. Matan wankin nan da suka tsokane ni da safe, su ne har da riƙe min hannu, wai dama sun san za a yi haka. Na bar su. Ranar ba ni da lokacin rama magana.

Yaya ya je ya durƙusa gaban Baffa zai ba shi haƙuri, Baffa ya ɗago shi ya rungume yana cewa ka yi min shiru, ni da na sha zagin gari saboda kai. Daga nan Yaya ya matsa wajen Inna, ya durƙusa, ya ce Inna na gode.

Ta kalli bangon ɗakin shari'a.

"Zaituna, ki ce wa wancan ya cire ciyawar nan daga ƙafarsa, yana ba mu kunya."

Muka fashe da dariya, har shi. Ya ce a bar shi da ita, yau ya ji abin da zai ishe shi har Zariya, har duk inda za a kai shi bayan Zariya.

Muna cikin haka na hango Samanja Ari yana tahowa, ɗingishinsa ya zama gudu, hularsa a hannu. Tun daga nesa yake ɗaga sanda.

"Mota ta tashi."

Baffa ya ce wace irin mota, ko azahar ba a kira ba?

Samanja ya dafa gwiwa yana haki. Ya ce ruwa ya fara hawa hanyar Malam Madori, direba ya rantse ba zai jira la'asar ya kwana a taɓo ba, aka loda kurata aka tafi. Ya roƙi mai ɗaukar soja, ya ce masa yaro na gaban alƙali ana wanke shi. Amsar da aka ba shi ita ce, jirgi zai tashi da faɗuwar rana. Wanda ke tasha a lokacin soja ne, wanda ba ya nan ya koma gona.

Baffa ya fara salati. Dokinsa na rugar surukansa tun da ruwa ya cika, jaki kuwa ba zai kai ba. Yaya ya tsaya kamar an dasa shi. Na dubi rana, na dubi hanya, na ji duk murnar tana zubewa.

Sai Inna ta sa hannu cikin lulluɓinta ta fito da wani ƙunshi ɗaure da sabon zare. Na ji ƙamshin dakuwa da kilishi. Ashe tun daga gida ta taho da shi.

Ba ni ta miƙa wa ba.

Ta tako har gaban Yaya, a tsakiyar jama'a, ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido. Ta daɗe tana kallonsa, kamar mai biyan kallon da ta hana kanta tun yana zanen goyo. Ta kama hannunsa ta danƙa masa ƙunshin.

"Sa'idu, ba gudu Ari ya koya maka ba?"

Yaya ya sunkuya ya cire takalmansa, ya miƙo min.

A gabas kuwa hadari ya riga ya haɗu.